Ko wandon tartan zai iya maye gurbin kilt a bikin mutanen Sikotlan?

Wani ɗan'uwa da ke karatu a birnin Gilasgo na Sikotlan ya aiko da tambaya cewa abokin karatunsa ɗan ƙasar ya gayyace shi bikin aurensa, katin gayyatar kuma ya nemi maza su zo cikin kayan gargajiyar Sikotlan ko baƙar kwat ta dare. Yana so ya girmama ango, amma zuciyarsa ba ta kwanta da kilt ba, wato zanen ulun nan mai ninki da mazansu ke ɗaurawa a ƙugu, saboda yana barin gwiwa a waje. A shagon haya an nuna masa wandon tartan, wato yadin ulunsu mai zanen layuka masu gitta juna, wandon da suke kira trews, shi ne yake so ya sani ko tufa ce ta asali ko dabara ce kawai ta masu jin nauyin sa kilt, idan kuma ta asali ce, yaya ake sa ta.

Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, wandon tartan tufa ce ta asali mai cikakken matsayi, kuma babu wani ɗan Sikotlan da ya san al'adarsa da zai gan ka cikinsa ya ce ka yi wa bikin rabin shiga. Gargaɗin da zan yi maka, bisa abin da na gani a shekarun da na yi ina ɗinki da gyaran irin waɗannan tufafi, shi ne wandon ba ya ɓoye kuskure. Kilt yakan rufa wa mai shi asiri ko da awon ya ɗan kauce, saboda ninkinsa da maɗauransa na fata suna ba da damar a ƙara ko a rage, amma wando mai zanen layuka yana nuna duk inda almakashi ya karkace tun daga nesa.

Bari in fara da asalin, domin a nan ne shakkarka take. A cikin littafin kashe kuɗi na fadar Sarkin Sikotlan James na Biyar an rubuta, a shekarar 1538, cewa an sayi tartan irin na mutanen tsaunukan arewa domin a ɗinka wa sarki suturar ƙafa, masana tarihin tufafi kuma suna ɗaukar wannan a matsayin ɗaya daga cikin ambaton wandon mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Babban mayafin da ake ɗaure shi da bel a ƙugu, wanda daga gare shi kilt ya fito, bayaninsa na farko da ba a gardama a kansa na shekarar 1594 ne, ƙaramin kilt ɗin da ake gani yau kuwa sai a ƙarni na 18 ya bayyana. Wandon wancan zamani ya bambanta da na yanzu, domin matsattse ne ƙwarai, kusa da abin da muke kira tsala, yana bin ƙafa tun daga ƙugu har tafin sawu, ana kuma yanka yadin a karkace domin ya riƙa miƙewa, abin da ya sa zanensa ke fitowa a gicciye. Shugabannin dangi da masu hali ne suka fi sa shi, musamman a kan doki da lokacin sanyi, saboda yana buƙatar tela gwani, alhali mayafin talaka ba ya buƙatar ɗinki kusan ko kaɗan.

Hujjar da na fi ba nauyi ita ce dokar 1746. Bayan an murƙushe tawayen magoya bayan gidan sarautar Stuart a yaƙin Culloden a watan Afrilu na wannan shekara, majalisar Birtaniya ta haramta wa maza da yara maza na Sikotlan sa tufafin mutanen tsaunuka, dokar ta fara aiki a 1747, kuma ta ambaci wandon da sunansa a jere ɗaya da kilt. Hukuncin laifin farko ɗaurin wata shida ne, na biyu kuwa a kori mutum zuwa ƙasashen ƙetare na shekara bakwai, sojojin sarki kaɗai aka ɗauke wa haramcin, kuma ba a soke dokar ba sai 1782. Gwamnatin da ke neman karya lagon mutanen tsaunuka ba za ta ɓata tawadarta a kan wandon ba in da ba ta ɗauke shi alamar su ba. Bayan sokewar ma an samu manya da suka tsaya masa. Sir John Sinclair na Ulbster ya dage cewa wando ya girmi kilt, ya sa rundunar da ya kafa a Caithness ta sa shi, kuma a cikinsa mai zane Henry Raeburn ya zana shi a shekarun 1790.

Siffar da wandon yake da ita a yau daga barikin soja ta fito. A 1809 an cire wa wasu rundunonin tsaunuka kilt domin a sauƙaƙa ɗaukar sojoji daga wasu yankuna, ɗaya daga cikinsu, runduna ta 72, ta dawo da tartan a 1823 amma a matsayin wando. Da aka yi wa sojan Birtaniya garambawul a 1881, sai aka ba rundunonin kudancin Sikotlan wandon tartan, daga baya kowacce ta tsaya a kan zanenta: Royal Scots suka ɗauki Hunting Stewart, King's Own Scottish Borderers suka ɗauki Leslie, Cameronians suka ɗauki Douglas. Rundunar Highland Light Infantry, wadda ke da alaƙa da garin da kake zaune, ta yi shekaru masu yawa cikin wandon zanen Mackenzie duk da sunanta na tsaunuka. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke ganin wando na 'yan kudu ne, kilt na 'yan arewa, alhali tarihin ya nuna daga arewan ya taso. A 2006 aka haɗe yawancin rundunonin sojan ƙafa na Sikotlan suka zama Royal Regiment of Scotland, kilt ya zama babbar shigar kowa, amma har yanzu suna sa wandon a wasu nau'o'in shigarsu. Idan ka ga dattijo a wurin bikin cikin wandon tartan mai tsayin ƙugu da takalmi mai walƙiya, akwai yiwuwar tsohon soja ne, kuma shigar da ya saba da ita ce yake alfahari da ita.

Game da dalilinka na gwiwa, ina ganin dalili ne mai ƙarfi, kuma ba ka buƙatar neman uzuri a kansa. Kilt da aka yi wa awo daidai yana tsayawa a saman ƙoƙon gwiwa ko tsakiyarsa, safar kuma ana naɗe bakinta a ƙasan gwiwa, saboda haka an tsara shigar ne gwiwa ta fito fili, idan mutum ya zauna ko ya shiga rawa har wani ɓangare na cinya yakan bayyana. Wanda ya riƙi cewa al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa ba zai samu natsuwa a cikinsa ba. Wasu sukan nemi a tsawaita musu kilt har ya rufe gwiwa, su ja safa ta haɗu da shi, ni kuwa ba na ba da wannan shawara, domin kilt mai tsayi fiye da ƙima yana ɓata fasalin tufar gaba ɗaya, 'yan ƙasa kuma nan take suke ganewa. Gara mutum ya sa wando da aka ɗinka bisa ƙa'ida da ya sa kilt da aka saɓa wa ƙa'idarsa.

Yanzu sai ɗinkin, inda mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Wandon tartan iri biyu ne a kasuwa. Na farko wando ne na yau da kullum da aka ɗinka da yadin tartan, ƙugunsa na tsayawa inda kowane wandon Bature ke tsayawa, yana da wurin zura bel da aljihun gefe. Na biyu shi ne yankan soja: ƙugunsa yana hawa sama da cibiya har kusa da haƙarƙari, bayansa ya fi gabansa tsayi, ya rabu biyu a tsakiya da 'yar tsaga, ba a ɗaure shi da bel sai da maɗaurin kafaɗa da ake maƙalawa a maɓallai. A ainihin yankan soja babu ɗinki a gefen waje na ƙafa, domin ana fitar da kowace ƙafa daga ƙyalle guda, a naɗo shi a haɗe ta ciki, ta yadda zanen zai zagaye ƙafar ba tare da ya katse ba. Wannan ne ya sa ƙafarsa ke sauka a miƙe, kuma ba a yi mata kalmasa mai juyowa waje.

Zaɓi tsakanin biyun ya dogara ne ga kwat ɗin da za ka ɗora. Kwat ɗin dare da shagunan haya suka fi bayarwa ita ce wadda ake kira Prince Charlie, gajera ce da ke tsayawa a ƙugu ta gaba, tana da 'yar jela a baya da maɓallan azurfa, ana sa ta da falmaran mai maɓalli uku. An yanka ta ne domin kilt, wanda ke hawa sama da cibiya. Idan ka haɗa ta da wando mai gajeren ƙugu, za a ga farar riga ta leƙo tsakanin bakin falmaran da bakin wando, da zarar ka ɗaga hannu ko ka sunkuya sai tazarar ta ƙaru, kuma babu abin da ya kai wannan lalata shigar. Saboda haka gajeriyar kwat ba ta tafiya sai da wando mai tsayin ƙugu. Kwat ɗin Argyll ta fi ta tsayi kaɗan, an zagaye gabanta ne domin a ba jakar kilt wuri, kuma a kan dogon mutum takan yi gajarta idan aka haɗa ta da wando. A ra'ayina, wanda ba soja ba kuma ba ɗan ƙasa ba, abin da ya fi yi masa kyau da dare shi ne baƙar kwat ɗin dare ta gama-gari ko kwat ɗin karammiski mai duhun launi, da farar riga, da baƙin naktaye gajere mai siffar malam-buɗe-littafi, sannan wandon tartan. Wannan haɗi karɓaɓɓe ne a ko'ina cikin ƙasar, ya kuma cika duka sharuɗɗa biyun da ke kan katinka. Idan kuwa bikin da rana za a fara kuma ba a tsananta ba, kwat ɗin ulu mara zane mai launin toka ko ƙasa ta wadatar.

Kayan da ke bin kilt ba sa bin wando, kuma wannan ƙa'ida ce da nake so ka riƙe da kyau, domin wani mai shagon yakan miƙo maka kayan haya a dunƙule. Jakar fatar da ake ratayawa a gaba an yi ta ne saboda kilt ba shi da aljihu, kuma a kan wando ba ta da wurin zama. Doguwar safa da ƙyallayen ado da ke leƙowa daga bakinta ba su da amfani a ƙarƙashin ƙafar wando. Takalmin nan mara harshe mai dogayen igiyoyi da ake naɗewa a idon sawu an yi shi ne domin a ga igiyoyin a kan safa, saboda haka ka nemi baƙin takalmi sau-ciki mara ado da aka goge sosai, ko gajeren but mai santsi irin na hafsoshi. 'Yar wuƙar da ake sokawa a bakin safa ita ma ta faɗi, kuma wannan sauƙi ne a gare ka, domin ko da yake dokar Sikotlan ta yi sassauci ga wuƙar da ke cikin shigar gargajiya, baƙo bai rasa komai ba idan bai ɗauke ta ba.

Sai yadi. Ana rarrabe tartan na ulu bisa nauyin kowane yadi, mai oza 16 shi ne mai nauyi, mai 13 matsakaici, mai 10 ko 11 mara nauyi. Mai 16 yana sauka da kyau kuma yana riƙe karin guga, amma a cikin zauren biki mai ɗumi zai dame ka, yakan kuma yi kaushi a fata. Mara nauyin yana saurin yamutsewa, gwiwarsa na kumbura bayan zama kaɗan. Matsakaicin nake zaɓar wa yawancin mutane, tare da shafi mai santsi daga ƙugu zuwa gwiwa. Girman zanen ma abin dubawa ne. Zanen da aka saƙa domin kilt yakan maimaita kansa bayan inci shida ko fiye, wanda ya dace da tufar da ke cin yadi takwas, amma ƙafar wando ba ta da wannan faɗi, sai ka ga gida ɗaya na zanen ya cinye ta, ba a ma gane wane tartan ne ba. Zane mai ƙananan gidaje da launi mai duhu ya fi zama a wando. Wannan ne ya sa nake fifita Black Watch, mai shuɗi da kore da baƙi, a kan Royal Stewart mai ja, wanda a kilt yana da kwarjini amma a wando yakan yi ƙara har ya janye ido daga komai.

Kada ka damu da cewa ba ka da dangi a Sikotlan. Babu dokar da ta hana kowa sa tartan ɗin wani dangi, al'ada ce kawai ta ladabi, kuma akwai zane-zanen da aka yarda na kowa ne, irin su Black Watch da Royal Stewart da Hunting Stewart da Caledonia. Wanda aka keɓe shi ne Balmoral, na gidan sarauta, kuma ba za a ma sayar maka da shi ba. Rajistar tartan ta Sikotlan, wadda aka kafa da dokar 2008 ta fara aiki a 2009, tana kan intanet, kana iya duba kowane zane a cikinta, har da na jami'o'i da garuruwa, domin jami'o'in ƙasar da dama suna da nasu, ɗalibi kuma yana da cikakken haƙƙi a kan na jami'arsa. Idan kana sha'awar zanen dangin ango, ka tambaye shi tukuna, yawanci murna suke yi da hakan. Idan kuma yana so ka tsaya cikin abokan ango da za su yi anko, ka gaya masa matsayinka tun yanzu, domin a nemo maka wando a zanen da suka zaɓa, kasancewar shagunan haya suna ajiye kilt a zane masu yawa amma wando a 'yan kaɗan.

Ranar da za ka gwada wandon, ka tsaya gaban madubi ƙafafunka a haɗe, ka bi layukan kwance da ido. Layin da ya taso daga ƙafar dama dole ya haɗu da ɗan'uwansa na hagu a kan zif, a gwiwa, da kuma a bakin ƙafa. Ka juya ka dubi ɗinkin baya, ka ga ko layukan sun gamu a tsakiya ko ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. Sannan ka dubi layukan tsaye, domin layi mafi fitowa a zanen ya kamata ya bi karin guga daga cinya har takalmi, kuma ƙafa biyun su zama hoton juna. Daidaita waɗannan layuka yana cin yadi da lokacin tela, shi ya sa wandon da aka yi masa kuɗi ƙalilan yakan zo da su a warwatse, kuma araha ba ta ado. Tunda bikinsu yakan ɗauki yini har dare kuma salla za ta riske ka a ciki, ka gwada ruku'u da durƙuso a cikin shagon, ka ji ko hantsa da gwiwa sun ba ka wuri, ka kuma gwada naɗe ƙafar wandon ka ga ko za ta hau domin alwala. Yankan soja na ainihi yakan matse, har wasu suna da maɗauri da ke zagayawa ƙarƙashin takalmi, kai kuwa ka ce a bar maka ɗan sarari kuma a cire wannan maɗauri. Tsayin ƙafar ya tsaya daidai kan takalmi ba tare da ya taru ba, idan kuma kana so ya tsaya a idon sawu, gajeren but zai rufe tazarar.

Ba zan ɓoye maka abin da za ka rasa ba. Da dare za a yi rawar gargajiya ta rukuni, a nan ne kilt ke nuna kansa, domin ninkin bayansa yana kaɗawa tare da juyin mai shi, wando kuwa ba shi da wannan. Kilt ya fi shan iska a zaure mai zafi, yana kuma bin jikin mai shi idan ya yi ƙiba ko ya rame, kilt mai kyau yakan kai har a gadar wa ɗa, alhali wando yana cinyewa a gwiwa da mazaunai. A ɗaya ɓangaren wando ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, tunda bai cika wuce yadi biyu na ƙyalle mai faɗi ba kuma ba ya jan wasu kaya a bayansa, ya fi daɗin zama a mota da jirgi, yana kare ƙafa daga sanyin hunturu, idan kuma bikin a yammacin tsaunuka ne da bazara zai kare ka daga ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ke addabar masu kilt da yamma. Za ka kuma sake samun inda za ka sa shi, kamar liyafar daren 25 ga Janairu ta tunawa da mawaƙinsu Robert Burns, da ta 30 ga Nuwamba, ranar waliyyin ƙasarsu Andrew, da liyafar kammala karatunka.

Saboda wannan, idan zamanka a ƙasar zai kai wasu shekaru, na fi son ka ɗinka naka a kan ka yi haya. Ɗinkin awo yakan ɗauki makonni, idan kuma zanen da ka zaɓa babu shi a ajiye sai an saƙo daga masaƙa zai fi haka daɗewa, saboda haka ka je da wuri, ka tafi da takalmin da za ka sa ranar da kuma kwat ɗin, domin da su ake yanke tsayin ƙafa da na ƙugu. Bayan biki kada ka jefa shi cikin injin wanki, ulu yana tsukewa. Ka goge ƙurarsa da buroshi, ka rataye shi ta bakin ƙafa ya sha iska, idan ya yi datti ka kai wa masu wankin da ba na ruwa ba. Wajen guga ka shimfiɗa ɗanyen ƙyalle a kai kada dutsen guga ya taɓa ulun kai tsaye, domin yana barin sheƙi da ba ya fita, sannan ka ajiye shi cikin jakar tufafi mai rufi tare da maganin asu.